Farantin da Auta Ta Fasa

Babanmu maƙerin zinariya ne, amma a layinmu ba wanda ke kiransa da haka. Mai Shuɗi suke ce masa, tun daga mai gyaran agogon da ke damansa har mai ɗinkin labulen da ke hagunsa. Shagon ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Akwai tebur ɗaya da ya sha ƙuna, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki da magagari da ƙananan guduma a jere jikin bango, sai kujerata a gefe inda nake goge kaya ina karɓar masu saye.

Duk maƙerin da na sani yana sa teburinsa ne ya fuskanci taga, saboda haske. Na Baba kuwa ƙofa yake kallo, tagar tana bayansa, inuwar kansa na faɗawa kan aikin. Kuma ko iska ce ta taɓa ƙofar nan sai ya ɗago kai, ko da narkakkiyar zinariya ce a hannunsa. Yatsunsa duk tabon wuta ne. Na yi faɗa har na gaji, Mama ta riga ni gajiya. In na fara sai ya ce to, uwar faɗa ta tashi, ya yi murmushi ya mayar da kai. Ƙofa na motsi ya sake ɗagowa.

Wata yake jira. Mun san da haka tun muna yara, ko da yake ba ya son maganar. Ƙanwarsa ce, Auta, gwaggon da ban taɓa gani ba.

Kakarmu mai shara ce a babban zauren wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a wani gari da ba wannan ba. Mijinta ya rasu da wuri, aka ba ta ɗaki a bayan tashar, ita da 'ya'yanta biyu. Baba yakan ce zauren nan bai ga irinsa ba har yau. Ƙofofi dogaye masu baka, tagogi can sama da rana ke zubowa ta ciki, sannan ga daɓen ƙasan. Magina na da can sun shirya shi ne da ƙananan duwatsu masu launi, fari da baƙi da ja, kowanne bai fi farce ba. Taurari ne a jere, kowane tauraro da fure a cikinsa, ga wani zane kamar tufkar igiya ya kewaye zauren duka. Matafiya takawa suke su wuce da akwatunansu, ba mai kallon ƙasa. Su kuwa a durƙushe suka san shi. Uwar tana gaba da bokiti da buroshi, shi yana binta da tsumma, Auta tana biye da shi tana ɓata inda ya goge.

Wata rana akwatin ƙarfe ya suɓuce wa ɗan dako, ya fasa dutse ɗaya a hannun wani tauraro kusa da ƙofar fita. Kaka ta tsorata, don shugaban tashar mutum ne mai neman dalili, kuma ɗakin da suke ciki ba nasu ba ne. A satin nan kuwa aka fasa farantin tangaran ɗaya tilo da ta mallaka, mai launin shuɗi, wanda ba ta ba kowa abinci a ciki sai baƙo. Auta ce ta fasa, amma da uwar ta shigo Baba ya ce shi ne, ya sha dukansa. Sai Kaka ta ɗauki ɓallin farantin, ta goga shi a dutse har ya yi daidai ramin, ta roƙi ɗan siminti wurin masu gyara ta liƙe. Shugaban tasha bai taɓa lura ba. A zaure guda na fari da baƙi da ja, sai ga ɗigon shuɗi ɗaya, su uku kaɗai suka san da shi a duniya. Auta ta ce nata ne. Kullum da safe sai ta je ta dangwala masa yatsa kafin ta yarda a wanke mata fuska.

Ba a daɗe ba Kaka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Dangi suka zo suka raba yaran yadda aka ga ya fi sauƙi. Wata ƙanwar kakar ta ɗauki Auta ta shiga jirgi da ita, shi kuma aka damƙa shi ga wani maƙeri da ke bayan tashar ya koyi sana'a. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ba kuka ta yi ba, murna take za ta hau jirgi, tana ɗaga masa hannu ta taga. Daga baya mijin matar ya canza wurin aiki, suka tashi, suka sake tashi, labari ya yanke. Shi ma ubangidansa ya kwashe kayansa ya dawo wannan gari da shi. Da ya girma ya sami na mota ya koma don ya ga zauren, sai ya tarar katafila ta riga shi. An jera shaguna a wurin, ko dutse ɗaya bai samu ya tsinta ba.

Abin da ya rage masa a duniya shi ne sauran farantin, a cikin wani gwangwanin madara. Da shi ya zo garin nan, da shi ya yi aure, Mama ma takan ce tare aka kawo mata su, ango da gwangwaninsa.

Aikin yau da gobe yana yi kamar kowa. Zobe ya matse a buɗa, 'yan kunne sun rabu da ɗan'uwansu a ƙera wani, sarƙa ta tsinke a liƙe. Da wannan muka ci muka sha muka yi makaranta. Amma in aiki ya lafa sai ya share tebur, ya wanke hannu, ya fara ƙera daɓen tasha. Yakan ja zinariya ta yi siriri kamar zare, ya lanƙwasa ta ya fitar da gidajen tauraro, ya yanka duwatsu fari da baƙi da ja ƙanana ƙwarai, ya dasa su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, numfashinsa a riƙe. Wani kan sarƙar tauraro ne da furensa. Wani awarwaron tufkar igiyar nan ce ta gefen zaure. Akwai 'yan kunnen da ya yi da siffar ƙofofin masu baka, har da 'yar tagar sama. Ba takarda, ba hoto, daga kansa yake ɗauko komai. In ya zo ƙarshe sai ya buɗe gwangwani, ya ɓalli ɗan mitsitsin tangaran, ya goge shi, ya dasa a hannun tauraro, inda ido ke jiran ja.

Mata da yawa sun so kayan, shuɗin ne ke tsaya musu. Wata matar likita ta ce aikin ya yi kyau matuƙa, amma a cire mata wannan kuskuren a sa ja. Baba ya karɓi abinsa a hankali ya mayar cikin gilashi, ya ce mata akwai maƙera masu kyau a layin gaba. Ni ce na bi ta har bakin mota ina ba da haƙuri. Da na dawo na ce masa zinariya da yaƙutu ba sa zama da fasasshen kwano, sai ya ce ai ga shi sun zauna.

Kuma bai cika son sayar wa mutanen gari ba. Ya fi son 'yan kasuwa masu tafiya nesa, waɗanda ke saye su kai wasu garuruwa su sayar. In irinsu suka zo har shayi yake sa a kawo, yana tambayarsu ina da ina suke zuwa, ko hanyar jirgi na bi ta can. Lissafinsa a fili yake. Wata rana, a wani gari, a layin asibiti ko cikin mota ko wurin biki, Auta za ta ga tauraron nan a wuyan wata mata, ta ga shuɗin a inda ta san shi, ta gane yayanta na raye yana nemanta.

A nan ne muka fi yin rigima da shi. Kowane maƙerin kirki yana da tambari, ɗan ƙarfe da ake bugawa a bayan kaya, ya nuna shagon da garin da aka yi su. Baba ba shi da shi, kuma ba ya so. Bayan kayansa sumul yake kamar bayan cokali. Na ce masa, to in ta gani ta gane, ina za ta nufa? Ya ce wanda ya san daɓen ya san shi, ba sai an rubuta ba. A ganinsa tambari na masu neman suna ne, kuma buga sunansa a bayan daɓen da wasu magina suka shirya, uwarsa ta wanke da gwiwoyinta, rashin kunya ne. Har na je da kaina na sa aka yanka masa tambari mai kyau, da sunan shago da na gari. Ya juya shi ya yaba aikin wanda ya yanka, ya jefa a aljihun tebur tare da tsofaffin batura. Taurin kan Baba ba irin na masu hayaniya ba ne. Zai ba ka gaskiya da baki, ya ci gaba da abin da yake yi.

Shekaru suka tafi. Tabaransa ya ƙara kauri, hannunsa ya fara rawa da safe kafin ya sha shayi. Gwangwanin kuma ya yi ta sauƙi. Da ina yarinya in na girgiza shi ƙara yake kamar tsakuwa a kwano, daga baya sai ɗan ƙas-ƙas. Ya koma ɓallar shuɗin ƙanana fiye da da, har sai ka kawo ido kusa kafin ka gani. Ban taɓa jin ya ce farantin zai ƙare ba, amma na sha ganinsa ya buɗe gwangwanin ya leƙa ya rufe, bai ɗauki komai ba. Tausayinsa yakan kama ni har in rasa abin faɗa, ni da ba a raba ni da magana. Ranar da ya rage ɓalli ɗaya, ya daina ƙera daɓen gaba ɗaya. Ya ce wannan na ajiya ne, sai ta zo ta gani da idonta.

Wata ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, ƙofa ta buɗe. Baba ya ɗago kamar kullum. Mace ce da ba ta wuce sa'ata ba, da fararen kayan ma'aikatan jinya a ƙarƙashin mayafi, tana karkaɗe lema. Ta gaishe mu, ta ce ba ta daɗe da zuwa garin ba, an yi mata canjin wurin aiki ne zuwa babban asibiti. Maɓallin sarƙarta ne ya karye. Ta kai wa wani maƙeri a bakin kasuwa, yana gani ya ce wannan aikin Mai Shuɗi ne, ta kai masa abinsa, ya kwatanta mata layin.

Ta kwance ƙullin hankici a kan teburina. Tauraro ne, irin na farkon aikinsa, lokacin da yake sa shuɗin da girma. Na sha ganin tsofaffin kayansa sun dawo gyara, amma ban taɓa ganin wanda ya ci wuya irin wannan ba. Duwatsun fari da baƙi da ja suna nan lafiya. Shuɗin ne ya koɗe, ƙyallin samansa ya tafi, tsakiyarsa ta yi fari ta ɗan lotsa, sai a gefe-gefe ake ganin launin.

Na miƙa wa Baba. Ya sa a ƙarƙashin fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta me ya sami dutsen.

"Yatsan mahaifiyata ne, Baba," in ji ta. "Kullum da safe sai ta taɓa shi kafin ta yi komai. Har tsokanarta muke yi."

Na ga hantsakin ya zame daga hannunsa. Ita ba ta lura ba, ta ci gaba da ba da labari yadda mutum ke yi in ya sami masu saurare. Ta ce tun tana 'yar firamare uwar ta ga sarƙar a wuyan wata mata a cikin motar haya. Suka wuce inda za su sauka, uwar ta bi matar har gida, ta tuɓe awarwayenta na aure ta ba ta a madadin sarƙar. Matar ta ce wurin wani ɗan kasuwa mai yawo ta saya, ba ta san inda ya fito ba. Daga nan uwar ta shiga yawon maƙera. Duk garin da aikin mijinta ya kai su, sai ta nemi layin maƙera ta nuna. Kowanne ya karɓa sai ya juya bayan, ya ga ba komai, ya girgiza kai ya miƙo mata. Har garin da aka haife ta ta je, ta tarar da shaguna a inda tashar take, ba wanda ya tuna da mai shara balle ɗanta.

"Takan ce yayanta ne ya yi, ko rantsuwa za ta iya," in ji matar. "Wai daɓen gidansu ne. Mu dai mun ɗauka irin maganar manya ce. Takan juya bayan ta ce, shi ma Yaya, ko ɗan suna ai ya sa."

Baba ya juya sarƙar. Bayan ya sha hannu har yana ɗaukar ido, sumul, ba ko ɗigo. Ni ce na yi tambayar, don na ga shi ba zai iya ba. Na ce ina mahaifiyar take yanzu.

Ta ce bara ta rasu, bayan gajeriyar jinya, da sarƙar a wuyanta.

Mai gyaran agogo yana ta buga wani abu a bayan bango, yayyafi na sauka a kan kwano. Baba ya cire tabarau ya ajiye. Can ya tambaya, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko ta taɓa faɗin inda shuɗin ya fito.

Matar ta yi ɗan murmushi. "Ta ce faranti ne. Wai ita ta fasa, aka daki yayanta."

Sai Baba ya yi dariya, gajeriya, irin ta wanda aka tuna masa abin da ya daɗe yana jira a tuna masa. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye. Ban taɓa ganin kukan Baba ba sai ranar, ko a rasuwar ubangidansa da ya riƙe shi kamar ɗa. Ya jawo gwangwanin ya zazzage ɓallin ƙarshe a tafin hannunsa ya miƙa mata. Ta dubi ɓallin, ta dubi sarƙar, ta dubi fuskarsa da kyau a karon farko. Ta dafa teburin, na tura mata kujerata.

"Kawu," ta ce.

Na rufe shago da rana tsaka, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya yi ta tambayarta, tana amsawa. Ko Auta ta yi tsawo. Ko ta sha wahala a hannun waɗanda suka riƙe ta. Ko har ta girma tana tsoron kyankyaso. Matar ta ce tsoron kyankyaso kam har ta bar duniya, suka yi dariya su biyu da jajayen idanu. Ni ina gefe ina kallon hannayen baƙuwar, gajerun yatsu masu faɗin farce, irin na Baba, irin nawa.

Na yi zaton zai cire shuɗin da ya koɗe ya sa mata sabon. Da ta tambaya ma ya ce a'a, wannan ba mai taɓa shi, aikin Auta ne. Maɓallin kawai ya gyara, ya daɗe a kai fiye da yadda gyaran maɓalli ke bukata. Da ya gama bai miƙa mata ba. Ya ja aljihun tebur, ya tona cikin tsofaffin batura, ya fito da tambarin nan da na sa aka yanka, har ya fara tsatsa. Bai dube ni ba, ni ma na kawar da kai, don duk abin da na yi shekaru ina faɗa ba na son in ji shi a bakina ranar. Ya kifa sarƙar a kan ƙarfe, ya saita, ya buga sau ɗaya. Sunan ya fita a ɗan karkace.

Yanzu 'yar gwaggon tawa takan zo duk ranar da ba ta da aiki, da 'ya'yanta, su cika shagon har na huɗu ya jira a waje. Mama ta ce Allah ya kawo wa gwangwani dangi. Ɓallin ƙarshe yana wurin 'yar gwaggon, Baba ya ce gadon uwarta ne. Shi kuma yana nan yana buɗa zobe yana liƙe sarƙa, kuma duk abin da ya fita daga hannunsa sai ya buga masa tambari, har gyaran da bai kai a buga ba.

Sati bai cika ba bayan zuwanta na farko, na iso da safe na tarar ya kira mai gyaran agogo sun juya teburin. Yanzu taga yake fuskanta, haske na sauka a kan aikinsa yadda ya kamata tun farko, ya ba ƙofa baya. Bai ƙara ƙona yatsa ba. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, na samu, kuma ba na jin daɗinsa ko kaɗan. In ƙofar ta motsa ni ce ke ɗago kai, in dubi mai shigowa, in dubi ƙeyar Baba a sunkuye, ina jira ko zai waiwayo.